Fentin Da Ya Ƙi Zama

Ƙafafunsa ta fara gani kafin fuskarsa.

Auta ta dawo daga kantin maganin da take aiki da misalin ƙarfe huɗu na yamma, sai ta tarar da dogon tsani jingine da bangon gidansu, can a samansa wasu takalma da suka sha ɗigon fenti kala-kala. Ba ta kai ga ɗaga kai sosai ba wani abu ya zubo mata a mayafi, yaraf-yaraf kamar busasshen ganye. Ta kakkaɓe ta duba. Ɓawon tsohon fenti ne, kore, ya nannaɗe.

"Malam, akwai mutane a ƙasa fa."

"A yi mini afuwa, ranki ya daɗe," in ji wata murya daga sama. "Wallahi ba ni na zubo ba. Gidan naku ne ya fara sanƙo."

Ba ta yi niyyar dariya ba, suɓuce mata ta yi. Ya sauko mataki uku, ya janye ƙyallen da ya rufe hanci da shi. Dogo ne, baƙi, da ɗan tabo a girarsa ta hagu. Ya dube ta, ta dube shi, aka rasa mai fara kawar da kai, har sai da Umma ta ƙwala kira daga ciki.

"Auta, ke ce?"

Ta shige da sauri. Da ta waiwayo daga bakin ƙofa, sai ta ga dariyar ta bar fuskarsa. Yana murza wani gari a tsakanin yatsunsa, idonsa a sama.

Gidan ya bambanta da sauran gidajen layin. Rufinsa ya fito waje sosai ta kowane gefe, an bi bakinsa da katako mai sassaƙa, ganye-ganye a jere tun daga ƙofa har bayan gida. Baba ne ya yi shi da hannunsa shekara talatin da takwas da suka wuce, lokacin da babu kafintan da ya kama ƙafarsa a garin. Ya daina aiki yanzu, amma har gobe Baba Kafinta ake ce masa. Kullum da yamma yana kan kujerarsa a ƙarƙashin kusurwar gabas, rediyo a cinya, kofin shayi a gefe. Rana da ruwan sama sun cinye fentin katakon, ya tsattsage, ya ɗaɗɗago, wani wurin ma katakon ya fito tsirara ya yi toka-toka. Umma ce ta matsa a gyara kafin damina, ita ta sa aka nemo Mai Fenti.

Kwana uku yana zuwa bai buɗe gwangwani ko ɗaya ba. A rana ta uku Auta ta kawo masa shayi, ta tsaya a gindin tsanin.

"Wai anya ka iya fentin nan kuwa? Kullum kankara, kullum kankara."

"Likita, ke idan mutum ya zo miki da rauni, a kan datti kike ɗora bandeji?"

"Ni ba likita ba ce, magani nake sayarwa."

"A wurina dai likita ce. Sai na kankare tsohon tas, na goge da samfefa, na cike duk wata tsaga, na shafa fentin ƙasa ya bushe, sannan na sama sau biyu. Wanda ya yi gaggawa, damina ɗaya za ta tona masa asiri."

Ya karɓi kofin. Ya duba sassaƙar da ke saman kansa kamar mai kallon fuskar wani babba.

"Mahaifinki ya san katako. Akwai wuraren da ko ƙusa bai sa ba, haɗi ne kawai. Ban taɓa aiki a kan irinsa ba."

Maganar nan ta shiga ranta fiye da duk wani yabo da aka taɓa yi wa fuskarta.

Umma ce ta ba shi lambar Auta, wai don idan kaya sun ƙare ya faɗa mata. Kayan ba su ƙare ba, amma washegari da safe, tana jera kwalabe a kanti, saƙo ya shigo.

"Likita, barka da safiya. Don Allah me kike sa wa shayin nan? Tun da na sha jiya na kasa tunanin komai sai wadda ta kawo. In magani ne, a faɗa mini makarinsa."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa.

"Sukari ne kawai. Ka riƙa riƙe tsani da hannu biyu, Na Sama. Ba na son waiwayen da kake yi."

"To ki daina wucewa."

"Gidanmu ne fa."

"Shi ke nan, na shiga uku."

A rana ta shida ya kai kusurwar gabas, daidai saman kujerar Baba. Auta tana tsakar gida tana shanya, sai ta ji ƙarar kankarar ta tsaya cak. Shirun ya yi tsawo. Ta leƙo, ta gan shi ya daskare a kan tsani, sukundireba a hannunsa. Ya yafito ta.

"Ki duba nan."

Ya ɗora bakin ƙarfen a jikin katakon, bai ko danna da ƙarfi ba, ya shige har ƙota kamar a cikin sabulu. Da ya zare, wani jan gari ya biyo baya, ya yi ta zuba siriri, bai tsaya ba.

"Hau mataki huɗu, na riƙe miki. Sa kunnenki."

Ta hau, ta kara kunne. Da farko ba ta ji komai ba. Can sai ta ji shi, ƙasa-ƙasa, cak-cak-cak, kamar dubban ƙananan agogo a cikin katakon. Ta janye kunnenta da sauri.

"Mene ne wannan?"

"Gara. Ruwa ne ya fara jiƙa shi daga sama, ya ruɓe, su kuma suka samu gida. Ba allon gaba kaɗai ba ne, har ginshiƙan da suka ɗauki rufin. Fentin nan da kike gani, kusan shi kaɗai ke riƙe da fuskar wurin."

Da Baba ya fito da yamma, Mai Fenti ya durƙusa a gabansa ya gaishe shi, sannan ya yi masa bayani a hankali, yana zaɓen kalmomi. Ya ɓallo guntun katakon ya miƙa masa.

Baba ya miƙo hannu, amma hannun ya wuce ta gefe, ya kama iska. Sai da ya sake laluba ya riƙe. Mai Fenti ya gani. Ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba.

"Katakon nan," Baba ya ce, "ni na shiga daji na zaɓe shi tun yana tsaye. Ba a haife ka ba a lokacin. Yau kai da buroshi za ka koya mini katako?"

"Ba aikinka ne ya gaza ba, Baba. Ruwa ne ke shiga ta wani wuri."

"Fenti aka kira ka ka yi. Za ka yi, ko ba za ka yi ba?"

"Ko'ina zan yi, ban da nan. Idan na rufe wannan, na rufe wa mutane ido ne, kuma a nan kake zama."

"To kwashe tarkacenka." Baba ya jefar da guntun. "Kuma kada ka ɗauka ban san abin da ke kai 'yata gindin tsaninka ba. Kunnena ras yake. Wanda ya raina aikin hannuna ba zai haɗa zuri'a da ni ba. Kada in ƙara jin muryarka a ƙofar nan."

Umma ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu. Auta tana bayan labule, ta toshe bakinta da mayafi. Ta ji ƙarar tsanin ana naɗe shi, ta ji takunsa har ya ɓace.

Kwana biyu tsakani Injiniya ya iso. Ɗan tsohon aminin Baba ne, shekara biyu yana neman Auta tana zillewa. Shi ne ya canza wa gidan kwanon rufi shekara uku baya, tun daga nan Baba ba ya jin laifinsa. Ya fito daga mota yana karkaɗa makulli, ya ɗaga kai ya yi wa kusurwar kallo ɗaya.

"Haba Baba, wannan ai lafiyarsa ƙalau. 'Yan ƙananan masu aikin nan haka suke, sai sun ƙirƙiro matsala. Bar ni da shi."

Ya kawo mutum biyu da injin feshi. Ba kankara, ba gugar samfefa, ramin da sukundireba ta huda ma da wani farin kwaɓi suka toshe shi. Kafin rana ta faɗi gidan ya koma kore shar, yana sheƙi, maƙwabta na tsayawa suna yabawa.

Da zai tafi ya tare Auta a bakin ƙofa, ya sassauta murya.

"Ban so in faɗa miki ba, ƙanwata, amma gara ki ji daga bakina. Yaron nan yana can kasuwar katako yana yawo da sunan Baba. Wai aikinsa na bogi ne, wai ya makance, ko abin da aka miƙa masa ba ya gani."

Ta juya ta bar shi a tsaye. Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Mai Fenti.

"Ashe haka kake? Ubana ya kore ka, shi ne za ka rama da tozarta shi a kasuwa? Har da ce masa makaho? Na yi da-na-sanin duk kofin da na miƙa maka. Kada ka sake nemana."

Amsar ba ta daɗe ba.

"Likita, na je kasuwar katako, gaskiya ne. Irin icen da Baba ya yi aiki da shi na je nema, ko za a samu. Ban faɗi kalma ɗaya a kansa ba sai alheri, Allah ne shaidata. Ki tsane ni in kin so, zan iya ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo: ki ɗauke kujerar Baba daga kusurwar nan."

Ba ta amsa ba. Amma ba ta goge saƙon ba.

Ruwan farko ya sauka bayan mako biyu. Da gari ya waye Auta ta fita da tsintsiya, ta ɗaga kai ba da niyya ba. Sabon fentin kusurwar gabas ya kumbura wuri-wuri, kamar fatar da ta ƙone. Ta sa sandar tsintsiya ta taɓa ɗaya, ya fashe, wani ruwa ja-ja mai wari ya gangaro a bango.

Bayan ruwa na biyu, farin kwaɓin da aka toshe ramin da shi ya faɗo da kansa. Bayan na uku, ta zo ɗaukar kofin Baba ta ga jan gari yana yawo a saman ragowar shayin. Ya sha rabi bai sani ba.

Tsuntsayen da suka shekara suna sheƙa a wurin suka daina zuwa. Wata rana da tsakar rana, babu iska babu komai, aka ji ƙas! daga sama, kamar an karya busasshiyar sanda. Umma ta saki cokalin hannunta. Baba ya ƙara wa rediyonsa murya.

Washegari kafin ya fito, Auta ta ja kujerar zuwa ɗaya gefen barandar, ta koma ta laɓe a taga.

Baba ya fito. Leɓensa na motsi. Sai da ta kasa kunne ta gane ƙirga yake yi. Ɗaya, biyu, uku, har tara. A taku na tara ya juya ya fara zama a kan iska. Ya yi taga-taga, ya dafe bango. Kujerar tana nan taku huɗu daga gare shi, fara sol a cikin hasken rana, amma ya tsaya yana laluben wurin da ƙafa.

Auta ta zame ta zauna a ƙasa.

A kicin ta tsare Umma. Umma ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe kafin ta yi magana.

"Ya fi shekara uku. Hazo-hazo ya fara gani, yanzu sai inuwa. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, har ku. Ya ce kafinta ba ido ai gawa ce."

"Umma, ina sayar da maganin ido kullum, ubana na makancewa a gabana ban sani ba?"

"Ba ya so ki sani, 'yar nan. Ya iya ɓoyewa."

"Waye kuma ya sani?"

"Ba kowa." Umma ta ajiye tukunyar. "Sai dai ko Injiniya. Ranar da ya gama rufin nan ya ce Baba ya duba, Baba ya kalli wani gefen daban ya ce ya yi kyau. Na ga yadda yaron ya dube shi."

Nan take komai ya warware wa Auta. Injiniyan da ya kawo mata kalmar makanta, shi ya daɗe da sanin lalurar, shi kuma take yi wa amfani. Ta ɗauko waya.

"Na Sama, na zalunce ka. Na ga abin da ka gani ka rufa mana asiri. Katakon yana kuka, Baba ya mayar da kujerarsa wurin, ya ce ko gawarsa ba za a ɗauke daga nan ba. Ina jin tsoro. In ka yafe mini, ka zo."

"Ban taɓa riƙe ki ba balle in yafe. Gani nan tafe."

Wajen ƙarfe uku ya iso a bayan wata motar kaya, da dogayen katakai biyu masu kauri. Hadari ya riga ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Baba na kan kujerarsa.

"Na san takun nan," Baba ya ce. "Ban ce kada ka dawo ba?"

"Ka ce, Baba. Na saɓa, ka hukunta ni daga baya." Ya durƙusa. "Ban zo in gaya maka komai ba yau. Ni mai fenti ne, fatar katako kawai na sani. Kai ka san cikinsa. Ga sanda, ka ƙwanƙwasa da kanka. In ka ce lafiya yake, wallahi zan juya, ba za ka sake jin ɗuriyata ba."

Ya ɗora doguwar sandar a tafin Baba, daidai cikin hannun, yadda ba sai ya laluba ba.

Baba ya daɗe riƙe da ita. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ta ɗaga labulen ƙofa. Sannan ya miƙe. Ya taka zuwa gefen ƙofa, ya ɗaga sandar ya bugi katakon wurin. Ƙwam, ƙwam. Sauti mai ƙarfi, cikakke. Ya matsa gaba ya sake bugawa. Ƙwam. Ya dawo kusurwar gabas, ya buga.

Fuf.

Kamar an bugi matashin kai. Gari ya zubo masa a hula da kafaɗa.

Ya sake bugawa gaba kaɗan. Fuf. Ya sauke sandar a hankali.

"Ya mutu," ya ce. "Na fi wata shida ina jin su suna ci. Ina zaune a nan ina jin su. Na ce in na yarda wannan ya tafi, me ya rage da zan nuna na ce ni na yi?"

"Baba..." Auta ta kama hannunsa tana kuka.

Tsawa ta fashe. Iskar ta taso gaba ɗaya, kwanon rufin ya ɗaga ya koma, kusurwar ta yi wata irin ƙara mai tsawo, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba.

"Shiga da shi ciki!" Mai Fenti ya daka tsawa. "Idan nan ya tafi zai ja rufin ɗakin Umma. Sai na tokare shi."

Baba ya tirje a bakin ƙofa. Muryarsa ta dawo irin ta da, ta mai gidan aiki.

"Kai yaro! Kada ka tokari allon gaba, ba ya ɗauke da komai. Ƙirga ginshiƙi na uku daga bango, nan haɗin yake. Ka ba gindin katakon baya kaɗan, sannan ka buga shi ciki!"

"Na uku, Baba. Na gan shi!"

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Auta na riƙe da Baba a cikin ƙofa, tana hangen Mai Fenti ta cikin ruwan, ya rungumi katakon yana dukan gindinsa da guduma. Na farko ya zauna daram. Ya juya ya ɗauko na biyu. Yana cikin ɗaga shi kusurwar ta saki.

Ba ta ji ƙarar ba, ihun kanta kawai ta ji. Allon sassaƙar da ginshiƙai biyu da fallen kwano suka rufto a kan kujerar Baba, suka ragargaza ta. Rufin ɗakin Umma ya girgiza, ya tsaya a kan tokarar farko. Mai Fenti kuwa babu shi.

Ta fita da gudu cikin ruwan, ba takalmi, ba mayafi. Maƙwabta suka fito, aka ɗaga kwanon. Yana kwance a gefe, jini na bin goshinsa, kafaɗarsa ta dama ta sauka yadda bai kamata ba. Ta tallafo kansa tana kiran sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi. Sai can ya buɗe ido.

"Baba fa?"

"Yana ciki. Lafiyarsa ƙalau."

"To daina kuka, Likita. Ga mara lafiya kin samu na gaske."

Ƙashin wuyan kafaɗarsa ne ya karye, aka yi masa ɗinki shida a goshi. Kwana huɗu ya yi a asibiti. A rana ta biyu Baba ya sa Umma ta kai shi. Ya zauna a bakin gadon, ya laluba ya kama hannun da bai ji ciwo ba, ya riƙe. Da zai tashi ne kawai ya ce, "Ka buga shi daidai. Na ji zamansa."

Da aka kwashe tarkacen, asirin ya fito fili. A kusurwar gabas an yanke kwanon rufin ya gaza, aka liƙe giɓin da ƙyallen kwalta, shekara uku ruwa na tsiyaya kai tsaye cikin katakon. Haɗin da Baba ya yi kuwa, ko a cikin ruɓar bai saki ba, icen ne ya karye a gefensa. Baba ya sa aka kira masa Injiniya a waya. Ba wanda ya ji abin da ya faɗa masa, amma motar ba ta sake tsayawa a ƙofar gidan ba.

Auta ba ta bar maganar ido ta kwana ba. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta ce ba za ta ƙara cin abinci a gidan ba sai ya bi ta. Likitan ido ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe idanun, cire ta kuma aiki ne da ba ya kai awa ɗaya. Baba ya juya wajen Umma.

"Shekara uku, a kan abin awa ɗaya?"

"Ni ka tambaya?" in ji Umma.

Ranar da aka cire masa bandeji, Mai Fenti na tsaye a bayan Auta, hannunsa rataye a wuya. Baba ya ƙyafta ido, ya dubi Umma ya daɗe, ya dubi Auta, sannan ya tsayar da ido a kan baƙon.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Baba," Auta ta ce, kanta a ƙasa.

"Hm. Muryarsa ta fi shi kyau." Ɗakin ya kwashe da dariya. "Na ce wanda ya raina aikina ba zai haɗa zuri'a da ni ba, kuma ban janye ba. Sai dai na bincika, ban ga inda ka raina ba. Ka turo manyanka. Amma da sharaɗi: ba a ɗaura komai sai an gama kusurwar nan, kuma ni ne mai gidan aiki."

Wata biyu suka yi a kai bayan kafaɗar ta warke. Baba ya fito da kayan sassaƙarsa daga akwati, ya zana ganyen a kan sabon ice, yana yi yana faɗa, Mai Fenti na cewa to. Aka canza kwanon, aka sa wa katakon maganin gara, sannan aka kankare fentin feshin nan gaba ɗaya, aka faro daga farko. Auta ta yi ƙorafi a saƙo.

"Na Sama, wai da gangan kake jan aikin nan? Ƙawayena sun fara tambaya ko ka fasa."

"Likitata, rabin raina, ni da nake ƙirga kwanaki kamar fursuna? Surukina ne ya ce sai kowane shafi ya kwana biyu. Ki yi masa magana, ni tsoronsa nake ji."

"Matsoraci."

"Naki ne dai."

An ɗaura auren wata Asabar da safe, bayan damina ta ɗauke. Gidan ya cika har waje. Da yamma, da za a tafi da amarya, Baba ya sa aka shigo masa da su biyun ɗakinsa. Suka durƙusa a gabansa, Auta na sheshsheƙa a cikin mayafi. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan mijinta.

"Ke Auta, ban taɓa ba wa kowa abin da ya kai ki ba. Kai kuma, na kore ka ka dawo, na zage ka ka rufa mini asiri. Ga ta nan, amana ce. Allah Ya sa albarka a tsakaninku, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku, Ya tsare ku daga abin da kuke gani da wanda ba ku gani. Allah Ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Baba," angon ya ce.

Umma ta share ido da gefen zaninta, ta kama hannun 'yarta ta sa a cikin nasa.

"Amin. Ku tashi ku je, Allah Ya yi muku albarka."